Sikirin ɗin wayarka lafiyarsa ƙalau

Ƙorafi ɗaya ne ke ta dawo mini daga matasan Zungur da Yelwa masu koyon haɗa wasannin waya. Yaro ya gina wasan dara a Unity, a laftof komai na tafiya daidai, amma da ya ɗora a waya ya taɓa maɓallin tsayar da wasa, sai menu ya buɗe, dutse kuma ya faɗa ramin da ke ƙarƙashin maɓallin. Hukuncin da suke yankewa ne ke ba ni haushi: wai sikirin ɗin ƙananan wayoyin Android ne ke "taɓa kansa". Har da mai shirin kai wayarsa Wunti a canja masa sikirin.

Ƙanena, bar kuɗinka a aljihu. Sikirin da ya lalace ba ya zaɓen wasanka shi kaɗai. Da a WhatsApp ma zai riƙa rubuta abin da ba ka sa shi ba. Wayar ta kai rahoton taɓawa ɗaya, kuma gaskiya ta faɗa. Allon dara da menu ne suka amsa tare, domin ba ka gaya musu wane ne gaba ba.

Me ya sa laftof bai nuna matsalar ba? A tsohon tsarin Unity, idan ka kira IsPointerOverGameObject ba ka ba shi komai ba, labarin linzamin kwamfuta yake ba ka. A waya sai ka miƙa masa lambar yatsan, wato fingerId. Amma faci ne wannan. Gyara na gaskiya shi ne Input System da Unity ta kammala fitarwa a 2020: ka raba umarni gida biyu, na wasa da na menu, idan ɗaya ya kunnu ɗaya ya mutu. Mai Godot ya kwashe motsin ɗan wasa daga _input ya mai da shi _unhandled_input, don maɓallai su fara karɓa, abin da ya rage ya isa filin wasa. A Unreal kuwa Enhanced Input na ba kowane rukunin umarni lambar fifiko.

Ga inda nake so a buɗe kunne. Mai da Time.timeScale zuwa 0 ba ya toshe yatsa. Lokaci ya tsaya, FixedUpdate ya tsaya, amma Update na nan yana gudu yana sauraro. Ajiye dutsen dara bai dogara da lokaci ba, don haka zai faɗa ko wasan na tsaye. Ina ganin layin Time.timeScale ɗin nan a kusan kowane aikin ɗalibi, an kwafo shi daga YouTube, malamin da ya duba kuma ya sa hannu ba tare da ya riƙe wayar ya gwada ba. Tsayar da agogo daban, kashe umarnin wasa daban, dole ka yi duka biyun.

Wajen rufe menu ma akwai tarko. Idan menu ya rufe da zarar an danna "ci gaba", yatsan yana kan gilashi tukuna, wasan na dawowa sai ya ɗauke shi sabuwar taɓawa. Kada ka mai da wa wasa iko sai an ɗaga yatsan. Wuri ɗaya a kod ɗinka ne zai riƙa yanke wa ke da iko yanzu, ba sharaɗin "in menu na buɗe" warwatse a kowane fayil ba. Ka kuma ɗora wasan a waya tun makon farko, ka miƙa wa ƙaramin yaro ya daddanna da yatsu biyu lokaci guda, kana kallo.