Amsoshin Tambayoyinku: Angwanci a Zanzibar

Wani mai sauraronmu daga Zariya, wanda Allah Ya nufa da aure kwanan nan, yana tambayar inda zai kai amaryarsa a Zanzibar, da kuma inda za su ci abinci.

To, Malam ango, Allah Ya sanya albarka. Idan jirgin ruwa ya sauke ku daga Darussalam, tafiyar kimanin sa'a biyu, ku fara da tsohon birnin, inda ƙofofin katako masu sassaƙa suke jere cikin lunguna, har ku isa Baitul Aja'ibi, fadar da Sarki Barghash ya gina a 1883, ko da yake wani sashenta ya rufta a 2020, sai kallo daga waje. Bayan sallar Magariba kuwa, ku gangara lambun Forodhani a bakin teku, inda ake gasa kifi da jatan lande, ana matse rake a gaban mai saye. Amma ku tambayi farashi tukuna, domin baƙo ba ya rasa tsada. Don shinkafar biryani da rana kuwa, gidan abinci na Lukmaan ya wadatar. Gonakin kanumfari suna bayan gari. Ku dai kauce wa Afrilu, lokacin ruwan sama mai yawa.