Numfashi Daga Sama

Karatun yau: Yohanna 17:13-19

Ɗan'uwa, a cikin Bahar Maliya, daura da gaɓar ƙasar Sudan, akwai duwatsun murjani da ake kira Sanganeb, waɗanda UNESCO ta sa cikin wuraren gado na duniya a 2016. Masu doguwar tafiya a jirgin ruwa sukan tsaya a irin waɗannan wurare, su shiga iyo don kallon kifaye. Mai iyo yakan sa gilashi a fuska, ya kama bututu a baki. Fuskarsa tana cikin ruwa, amma kan bututun yana waje, ta nan yake shaƙar iska. In ya nutsa, ruwa zai shiga bututun, dole ya taso ya hure shi kafin ya sake numfashi.

Haka zaman mai bi yake. Yesu bai roƙa a fitar da mu daga duniya ba, ya roƙi Uba ya tsare mu a cikinta. Kana kasuwa, kana gona, kana ofis, amma ranka daga sama yake shan iska, ta wurin addu'a da Maganar Allah. In neman kuɗi ya nutsar da kai har ka bar addu'a, taso yau ka tuba.

Masu iyo kuma ba sa nisa da jirgi, gama igiyar ruwa takan janye mutum bai sani ba. Kada ka bar taron 'yan'uwa.

Addu'a: Ya Uba, ka tsare ni cikin duniya, ka cika ni da Ruhunka. Amin.