Barin biyan kuɗin DStv da GOtv a Azare da kewaye

Yawan ƙarin kuɗin wata da kamfanin MultiChoice, mai DStv da GOtv, ya yi a 2024 da 2025 ya sa magidanta a Azare da sauran garuruwan masarautar Katagum ke sake lissafi. Ga kuma matsalar wuta: wata yakan ƙare ba a kalli rabin abin da aka biya ba, sai dai a tada janareta da fetur mai tsada.

Kafin a daina biya, ya kamata a tantance abin da iyali ke kallo a zahiri. A gidaje da dama bai wuce Arewa24 da tashoshin wa'azi ba, kuma akwai tashoshin Hausa da ake kamawa kyauta da tauraron ɗan'adam. Sau ɗaya ake sayen dikoda, a kira mai saiti ya juya faranti, shi ke nan. Shirye-shirye irin su Izzar So kuwa suna YouTube. Sauke su da tsakar dare, lokacin da data ke da rahusa, ya fi sauƙi.

Ƙwallon Turai ce ke da wuyar rabuwa. Gidan kallo na unguwa ya wadatar, kuma kuɗin shiga bai taka kara ya karya ba. Labarai kuwa rediyo bai gaza ba, ga BBC Hausa da RFI a kan ƙaramin akwati mai batir.

Yara ne za su fi ƙorafi a makon farko, musamman bayan magariba. Wannan lokacin ya dace da bitar karatun Islamiyya, aikin makaranta da tatsuniya. Kada a maye gurbin talabijin da miƙa musu waya ba tare da sa ido ba.