Darasi na 14: Tarantula a Lokacin Saɓa

Tarantula wani babban gizo-gizo ne mai gashi. A Amurka da Turai wasu suna kiwonsa cikin akwatin gilashi. Fatarsa mai tauri ce, ba ta girma tare da shi, saboda haka yakan yi saɓa kamar maciji. Ƙarami yana saɓa sau da yawa a shekara, babbar mace kuwa kamar sau ɗaya.

Idan lokacin ya matso, yakan daina cin abinci, cikinsa ya yi duhu, sannan ya kwanta rigingine. Kada mai kiwo ya zaci ya mutu. Kada kuma ya taɓa shi, domin taɓawa tana iya kashe shi. Ya fitar da duk gyaren da ke akwatin, don gyare yana iya cizon sabon jikin mai taushi. Ya ajiye masa ruwa a ƙaramin kwano. Bayan saɓa, sai a jira mako 1 ko 2, har fiƙoƙinsa su yi ƙarfi, kafin a ba shi abinci.

Tambayoyi
1. Me ya sa tarantula yake saɓa?
2. Don me ake fitar da gyare?