Raunin Ji da Damuwar Zuciya: Neman Taimako ta Intanet

Masu iya magana sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Amma mutane da yawa waɗanda jinsu ya raunana sukan ɓoye lalurar don gudun a kira su kurame. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na shekarar 2021 cewa mutum miliyan 430 ne ke fama da raunin ji mai bukatar kulawa. A ƙasarmu, sanƙarau da ƙyanda da mugunyar kunne da tsufa suna cikin musabbabansa, haka nan kuma ƙarar janareta da injin niƙa.

Yadda damuwa take shiga

Ɗauki misalin magidanci mai rumfa a kasuwar Karu. Mai saye ya taya, shi kuwa bai ji ba, sai ya ce a maimaita. In aka maimaita sau uku, kunya ta kama shi. A gida ma yakan ga iyali suna dariya, ya zaci da shi ake. Sannu a hankali sai ya bar zuwa majalisa, ya ƙaurace wa suna da ɗaurin aure. Daga nan kaɗaici ya jawo ƙunci da fushi da rashin barci. Wasu kuma ƙugin da kunne yake yi musu dare da rana shi ke hana su sakat.

Mene ne magani ta intanet?

Wannan magani ba ƙwaya ba ne, ba allura ba. Horo ne wanda masanin halayyar ɗan Adam yake bayarwa a rubuce ta waya ko kwamfuta. Kowane mako majinyaci yakan karanta darasi, ya gwada aikin da aka ba shi, ya rubuta wa masanin yadda ta kaya, shi kuma ya mayar masa da amsa. Fa'idarsa babba ita ce, mai raunin ji ba ya shan wahalar sauraron likita, tun da komai a rubuce yake.

A ƙasar Suwidin aka yi fice wajen gwada wannan hanya. A shekarar 2002 Farfesa Gerhard Andersson da abokan aikinsa suka nuna cewa tana rage damuwar masu ƙugin kunne. A 2018 kuma aka buga sakamakon wani ƙaramin gwaji na mako 8 a kan masu raunin ji, aka ga sauƙi a damuwarsu.

Abin da ake koya ya haɗa da:

1. Rarrabe zato da gaskiya, watau gane cewa ba kowace dariya ce ba'a ba.

2. Faɗa wa mutane lalurar kai tsaye, tare da roƙonsu su fuskance shi in za su yi magana.

3. Komawa cikin jama'a daki-daki, daga hira da mutum ɗaya har zuwa taro.

4. Sassauta jiki da numfashi domin samun barci.

Lalle ne a sani, wannan horo ba ya mayar da ji. Aikinsa shi ne rage wa zuciya nauyi.

Matakan da za a bi

Da farko a je a duba kunnen, domin wani lokaci dauɗa ce ta toshe shi, ko kuma na'urar ƙara ji za ta wadatar. Gwamnatin Tarayya tana da Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa a Kaduna. Na biyu, mazauna Karu da Nyanya da Jikwoyi suna iya zuwa Babban Asibitin Karu, inda akwai sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, su nemi shawara kafin su amince da kowa a intanet. A yi hattara da masu alkawarin warkar da kurumta cikin kwana uku in an tura musu kuɗi.

Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2023, ta tanadi kare mutunci da asirin majinyaci. Wanda kuwa ya fara tunanin cutar da kansa, kada a tsaya jiran amsa ta waya. A kai shi asibiti nan take.