Kabilun Birnin Sakkwato, Manya da Yara

'Yan'uwa, wanda duk zai koyar da yara wajibi ne ya san ko 'ya'yan su wane ne ke zaune gabansa. To, bari mu ɗauki Sakkwato misali.

Muhammadu Bello shi ya kafa birnin cikin 1809, Shehu Usmanu kuwa ya komo nan daga Sifawa cikin 1815. Jama'ar da ta taru a kansu ba kabila ɗaya ba ce. Akwai Filani, kamar su Torankawa dangin Shehu, da Sulluɓawa. Akwai Hausawa, watau Gobirawa da Kabawa da Zamfarawa da Adarawa. Ga Zabarmawa da Buzaye, ga Nufawa, ga kuma bayin da yaƙi ya kawo daga ƙasashe dabam-dabam. Bayan da Turawa suka ci garin cikin 1903, Yarbawa da Ibo suka yi ta zuwa neman aiki da ciniki, balle sa'ad da ya zama babban birnin jiha cikin 1967.

Wanda ya dubi dattawa zai iya rarrabe waɗansunsu. Tsoho yakan zo da zanen Gobirawa a kumatu, ya lissafa maka kakanninsa, in ya gamu da Bayarabe su taɓa wasa. Amma dubi jikokinsa. Fuska ba zane, baki kuwa Sakkwatanci, daidai da na ɗan maƙwabcinsu Bafilace. Aure ya gauraya gidaje, kasuwa da makarantar allo sun gama harshe. Wannan ba yau aka fara ba, gama Nana Asma'u 'yar Shehu ta yi waƙoƙi da Hausa, ban da Fillanci da Larabci, don matan gari su ji. Sai dai asali uba yake bi, don haka yaron da bai iya gaisuwa da Fillanci ba zai ce maka shi Bafilace ne, kuma gaskiya ya faɗi.

Ƙidayar 1991 da ta 2006 ba su tambayi kabilar kowa ba, saboda gudun gardama. Abin da lissafi ya nuna shi ne yawan yara: cikin mutum 10 a Nijeriya, fiye da 4 ba su kai shekara 15 ba. Ashe ke nan kamannin garin gobe suna cikin aji, ba a zauren dattawa ba.

Saboda haka malami kada ya yanke wa yaro asali don ya ji bakinsa, kada kuma ya bari a goranta wa wani asalin kakansa. Ɗan baƙon da bai ji Hausa ba, a zaunar da shi kusa da wanda zai fassara masa. Allah ya sa mu riƙe amanar da za a ba mu, amin.