Yadda Ake Adana Zannuwan Gado Su Daɗe Suna Ƙamshi

Shawarar da ake yawan ba amare ita ce su feshe zanin gado da turaren kwalba su tura a akwati. Asarar turare ce kawai. Kafin wata ya zagayo ƙamshin ya gudu, in kuma da sauran danshi a jikin zanin, warin fumfuna ne zai tare ki ranar da baƙi suka sauka kika buɗe akwatin.

Wanki kowa ta iya. Ki dai ɗauraye har kumfa ta ƙare, kuma kada ki sa sitati a kayan da za su jima a ajiye, don ƙwari na bin sa. Wajen shanya, taɓa bakin ɗinki da lungun rigar filo, nan ruwa ke ɓuya. A watan Agusta, lokacin marka, sai kin bi da guga ko da hannunki ya ce miki sun bushe.

Turarawa ita ce aikin, kuma a nan mata da yawa ke ɓata kayansu. Hura gawayi a kasko a tsakar gida, ki jira har baƙinsa ya tafi, garwashin ya yi ja, farar toka ta fara rufe shi. In kika yi gaggawa, hayaƙin gawayi ne zai kama zanin, ba na turare ba. Garwashi uku ko huɗu sun isa. Barbaɗa ɗan toka a kansu don rage zafi, sannan ki ɗora turaren wuta gwargwadon abin da yatsu uku za su tsakura. Turaren da aka haɗa da sukari da mai, irin na Maiduguri, yana saurin ƙonewa a wuta mai ƙarfi, ƙauri kuwa in ya shiga auduga sai an sake wanki. Ni na fi son sandal ko hawi a kayan ajiya, ƙamshinsu ba ya hawa kai.

Kifa kabbasa a kan kaskon, ki baza zani ɗaya ko biyu, ki lulluɓe da tsohon bargo don hayaƙin ya zauna. Kada ki jibga tuli, na ciki zai sha, na waje ya tashi a banza. Bayan kamar minti goma ki juya. Kuma kada ki bar wurin, ko sallama aka yi: bakin zani na iya zamewa ya taɓa garwashi, ga yara. Da kin sauke, bari ɗumin ya huce kaɗan, ki ninke nan take.

Abin da zai riƙe ƙamshin cikin akwati ƙulli ne. Sami kanumfari, kirfa, kajiji da jema wajen masu kayan ƙamshi, a Kasuwar Kurmi ko kasuwar garinku, na kuɗi kaɗan zai kai ki shekara. Ɗan daddaka su sama-sama, kada su zama gari, ki ƙulle a ƙyallen auduga mai tsabta, ki saka tsakanin ninki. Duk bayan wata biyu ki murza ƙullin a tafin hannu, ƙamshin zai farfaɗo. Humra kuwa kada ta taɓa farin zani, manta yana barin tabo. Ɗiga ta a auduga, ki sa a ƙaramin gwangwani marar murfi a kusurwar akwatin.

Ƙulla gawayi biyu a wani ƙyallen daban don shan laima, ki shimfiɗa busasshen ganyen darbejiya a ƙasa saboda ƙwari. Leda ba wurin ajiya ba ce, tana tara gumi. Ɗaga akwatin daga siminti, ki janye shi daga jikin bango.

Kafur ɗin nan fari na kanti, don Allah ki raba shi da kayanki. Warinsa na danne kowane turare, kuma likitoci na gargaɗi cewa yana iya jawo wa jarirai shawara in an ajiye tufafinsu da shi.